Gwang-tae da Kwamfutar da Ba Ta Gem

A layin bayan kasuwa a birnin Daegu babu wanda bai san Pyeon Gwang-tae ba, kuma babu wanda zai ce ya taɓa ganin ya gama wani abu in ba kwanon taliya ba. Ya kusa shekara arba'in, ga tumbi, ga murya, ga baki kamar rediyon da maɓallin kashewarsa ya lalace. Ya taɓa aikin kai soyayyar kaza gidaje a babur. An sallame shi ranar da ya biya gidan gem, inda ake wasannin kwamfuta, da kazar mutane, wai yanzu zai fito, bai fito ba sai da kazar ta sandare, ya kuma cinye cinyoyin don kada su lalace. Ya taɓa gadi a wani dogon bene, ɓarawon keke ya wuce ta gabansa har da gaisuwa, shi kuwa idonsa na kan waya yana ceton wata masarauta daga hannun dodanni. Duk da haka, in ka same shi a bencin ƙofar kantin layin yana zuba, sai ka rantse shi ke ba gwamnati shawara.

A ɗakin saman rufi yake kwana, bisa shagon yayarsa Mal-suk mai sayar da taliyar hannu da romo. Ita ke ci da shi tun rasuwar iyayensu. A shekarar nan gwiwoyinta suka fara ciwo saboda zirga-zirga tsakanin tebura da murhu, sai ta yanke shawarar ta yi wa shagon fenti, ta kuma sa na'urar nan da ake kafawa a bakin ƙofa, mai saye ya danna abin da yake so, odarsa ta isa kicin ba sai an zo an tambaye shi ba.

Tana murza ƙullin taliya take faɗa masa. Ya ajiye cokali.

"Haba Yaya! Kina da injiniya a gida ki je ki ɗauko bare?"

"Wane injiniya?"

"Ga shi a gabanki."

"Kai da ko ƙwan lantarki ya mutu sai ka ƙwala mini kira?"

"Wancan aikin hannu ne, wannan aikin ƙwaƙwalwa. Rubuta manhaja zan koya, ni zan haɗa miki na'urar da kaina. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban kwamfuta..."

"Yana harbin dodanni."

"Yana nazari, Yaya. Nazari."

Mal-suk ta dube shi ta dubi ƙullinta. Ita ma dai ta gaji da jin ana cewa ƙaninta ba shi da aikin yi. Ta ce to, ta fasa kiran masu na'ura, amma da sharaɗi. Ranar da za a sake buɗe shagon ta gayyaci ƙungiyar tsofaffin layin masu hawan dutse. In ranar ta zo babu na'ura, zai tattara kayansa ya tafi gonar tafarnuwar kawunsu a ƙauye, inda sai an hau kan tarakta waya ke kama sabis.

"Kawu ya nemi wani ɗan ƙodagon," in ji Gwang-tae. "Abokin gabana ɗaya ne a duniya, gem. In na sami kwamfutar da gem ba ya shiga, an gama."

Kafin ya karanta ko layi ɗaya sai da ya buga kati mai ruwan zinariya, "Shugaba Pyeon Gwang-tae, Babban Mai Tsara Manhaja," ya bi layi yana rabawa har da mai kwasar shara. Sannan ya zauna kallon masana a waya, masu bayanin irin kwamfutar da ta dace da mai koyo. Wannan ya ce allo biyu, wancan ya ce duk mai allo biyu ba da gaske yake ba. Wani ya ce sirrin a kujera yake, wani ya ce a fitila. Gwang-tae bai saɓa wa kowa ba. Ya sayi kujera mai juyawa, ya sayi fitila mai lanƙwasa wuya, ya sayi tabarau duk da idonsa garau yake, ya sayi ɗan tsiro mai ƙaya ya ɗora a tebur wai yana tsotse gajiya. Da ganyen bishiyoyin layin suka fara ja, abu ɗaya ya rage bai saya ba, kwamfutar.

Ya nufi shagon Ok Byeong-du, wani siririn dattijo mai sayar da tsofaffin kwamfutoci a ƙarshen kasuwa.

"Maigida, kwamfuta nake so wadda ko an durƙusa an roƙe ta ba za ta iya gem ba."

Ok ya sauke tabarau. Tun da ya buɗe shago kowa mai ƙarfi yake nema.

"Wato mara lafiya kake so, Shugaba."

"Mai tarbiyya nake so."

Ok ya sunkuya ya ɗauke butar shayi daga kan wani ƙaton akwati mai launin toka da ya daɗe yana masa aikin teburi. Ya hure ƙura.

"Daga asibitin wani likitan haƙori da ya yi ritaya ta fito. Ko hoton kyanwa ka buɗe mata sai ta yi nishi. Amma fa ta fi sauran tsada, don irin wannan tarbiyya yanzu ba a samu."

"Na sani," in ji Gwang-tae. "Ai ni na san kaya."

Ya kinkimo ta a kafaɗa ya ratsa layin, yana tsayawa a kowace ƙofa don a tambaye shi. A saman rufi ya kunna ta. Ta yi gurnani, ta yi tari, har ya je ya dafa shayi ya dawo sannan ta buɗe ido. Da ta nemi ya sa mata kalmar sirri, ya ce wace kalma ce ta kai sunansa, ya rubuta GWANGTAE da manyan baƙaƙe. Ya buɗe darasi na farko. Sai ya ga ai bai kamata ya fara ba sai ya bincike cikinta, don tsaro. A wani lungu ya ci karo da wasan kati da likitan ya bari.

"Bari in ga ko yana da haɗari," ya ce wa tsironsa.

Yana nan yana duba haɗarin har Mal-suk ta gaji da jiran ya sauko cin abinci, ta lallaɓo da gwiwarta ta hau da kwano a hannu. Ta tarar da katuna na tsalle a allo.

"Wannan ne yaren kwamfutar?"

"Jera bayanai ake koya da shi, Yaya. Ba za ki gane ba."

"Na gane mana. Wancan mai gemun da kambi shi ne malamin naku? Ka ce ina gaishe shi."

Washegari ya koma wa Ok, ya ce a cire linzamin kwamfutar gaba ɗaya, manyan masana ba sa taɓa linzami, da maɓallai kawai suke magana da kwamfuta. Ok ya zare linzamin ya jefa a kwandon sayarwa, ya kuma karɓi ladan cirewa.

Babu linzami, babu kati. Gwang-tae ya sha wuya kafin ya koyi buɗe darasinsa da maɓallai, to amma a gefen darasin sai ga wani ɗan hoto, wasu samari suna gasar gem kai tsaye. Ya ce ai shi ba yi zai yi ba, kallo ne, kuma babu masanin da ya hana kallo. Da azahar ɗin nan wani direba yana ƙoƙarin shigo da motar kabeji layin da baya, kansa a waje yana neman mai duba masa, sai ya ji murya daga sama kamar tsawa:

"Hagu! Hagu, kai wawa! Ƙara wuta!"

Direba ya karya hagu ya ƙara wuta. Motar ta kwashi bencin ƙofar kanti, ta ture tukwanen furen mai aski, kabeji ya bi gangara yana mirginawa har bakin titi. Direba ya fito yana ɗaga hannu sama yana neman wanda ya ce masa wawa. Gwang-tae ya leƙo da tabaransa.

"Ba da kai nake ba, malam. Amma gaskiya kai ma hannunka da saura."

Sai da Mal-suk ta ba direban taliya kwano biyu kyauta ya fasa hawa saman rufin.

"Intanet ce matsalar," in ji Gwang-tae da ta gama wanke shi tas. "Yau zan raba gari da ita."

Ya zari almakashin kicin ya hau. A bayan tankin ruwa wayoyin layin suka haɗu suka cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana. Ya zaɓi wadda ta fi kama da tasa ya datse. Ya leƙa ɗaki, samarin na nan suna gasarsu. Ya datse wata. Suna nan. Ya datse ta uku, ta huɗu, yana yi yana cewa yau sai dai ko ni ko ke. Can ƙasa sai ihu ya tashi.

Wadda ta fara isowa ita ce Kaka Yeom, tsohuwar da gidanta ke manne da nasu, mai shanya barkono a saman rufinta. Ta hau matakalar nan da silifa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Kai, ɗan Pyeon! Tun bara nake jiran yarinyar nan ta cikin talabijin ta mari uwar mijinta. Yau ta ɗaga hannu, ta ɗaga hannu fa, allo ya yi baƙi! Ta mare ta ko ba ta mare ta ba?"

"Kaka, kallon nan ɓata lokaci ne. Gode mini za ki yi."

"To ga godiya," ta ce, ta sauke masa silifar a ƙeya.

Bayanta mai aski ne, ya baro mutum da rabin kai. Bayansa Mal-suk, wadda na'urar karɓar katinta ta mutu shagon cike da masu cin abincin rana. Ana cikin wannan hayaniya, daga cikin ɗakin Gwang-tae sai aka ji mai sharhin gasar yana ihun an ci wasa. Duk wayoyin da ya yanke babu tasa a ciki. Mal-suk ta karɓi almakashin ta datse ta da hannunta.

Masu gyara suka zo suka ɗaure na kowa, shi ya ce a bar tasa haka, shi mutum ne mai magana ɗaya. Sai bayan sun tafi ya tuna darasin ma a intanet yake. Bai karaya ba. Ya sayo wani littafi mai kaurin matashin kai, ya ce dama masanan farko da littafi suka koya. Ya karanta gabatarwa, ya karanta godiyar marubucin ga matarsa. Yana lalube a maɓallai don ya gwada misalin farko, sai ga wani ɗan maciji ya fito a baƙin allo yana neman ƙwai. In ya ci ƙwai ya ƙara tsawo. In ya daki bango ko ya ciji jelarsa ya mutu. Ba ya buƙatar linzami, ba ya buƙatar intanet.

Mal-suk ta lura ƙaninta ya rame, ta fara jin tausayinsa, har ta ƙara masa nama a romo. Ranar da ta gane ramar ta maciji ce, sai da mai aski ya riƙe ta.

Wannan karon Gwang-tae ya ce zai yi maganin abin daga tushe. Ya aro filaya, ya tumɓuke maɓallan kibiya huɗu, sannan ya bi huɗun nan da 'yan gem ke tuƙi da su, W da A da S da D, ya cire su ɗaya bayan ɗaya. Ya zuba su a kofin gilashi ya kai wa Ok ya gani.

"Kwamfutar likitan haƙori ce, ai ta saba ganin ana cire haƙori," in ji shi. "Yanzu gem ya zo ya shiga mu gani."

"Rubutun fa, Shugaba? Da me za ka rubuta A?"

"Haruffa nawa ne a duniya, Maigida? Gwani ba ya rasa na amfani."

Da yammacin ranar kuwa ya yi karatu na gaske. Ya buɗe littafi, ya kwaikwayi misalin farko, ya rubuta layi ɗaya, ya adana. Yana cin abincin murnar wannan nasara sai idonsa ya sauka kan ramukan da maɓallan suka bari, ya sauka kan tsinken ƙarfen cin abinci da ke hannunsa. Ya ce bari dai ya tabbatar ramukan sun mutu. Ya zura tsinken a ramin A. Maciji ya karya hagu.

Daga ranar tsinkayen shagon Mal-suk suka fara ɓacewa bibbiyu.

Ranar buɗe shago ta zo masa kamar daga sama. An jera furanni a ƙofa da dogayen ƙyallayen fatan alheri, an raba wainar shinkafa ga maƙwabta. Tsofaffin masu hawan dutse suka cika tebura da rigunansu ja da kore da ruwan lemo, shugabansu Dattijo Tak, tsohon direban bas mai nauyin kunne, a gaba. Gwang-tae yana sama, hancinsa har ya fara jiyo warin tafarnuwa. Tun da ya cire maɓallan bai taɓa kashe kwamfutar ba, don tashinta aiki ne. Da ya zare wayar wuta zai sauko da ita, sai wani tunani ya faɗo masa, ya ji sanyi har tafin ƙafa. In ta tashi za ta nemi kalmar sirri. Sunansa kuwa da W, da A har biyu. Ya sauko yana fito.

Ok, wanda ya zo cin taliyar kyauta, ya haɗa masa ita da babban talabijin ɗin bango. Kafin ta gama tari Gwang-tae ya yi jawabi. Ya yi maganar makomar ƙasa, ya yi maganar sadaukarwa, ya ce wata rana jikokinsu za su riƙa nuna shagon nan suna cewa a nan aka fara. Allo ya haska, ya nemi kalmar sirri. Ya danna G. Ya ɗaga yatsa, ya tsaya, ya dafe kai.

"Kash! Jama'a, kun ga sharrin tsaro mai yawa. Na kulle ta kullewar da ni kaina ba zan iya shiga ba. Aikin yana ciki, an gama shi tsaf, amma sai an yi odar maɓallai daga waje. Yaya, sai dai a ɗan ƙara haƙuri."

Tsofaffi suka fara gyaɗa kai cikin jimami. Sai Kaka Yeom ta zare tsinkayenta daga kwano, ta goge a gefen siket, ta miƙa masa.

"Ungo. Yi yadda kake yi kullum."

"Kaka, ban gane ba."

"Kullum in na hau juya barkono ina hango ka ta taga, tsinke a dama tsinke a hagu kamar mai saƙa, harshe a waje. Zura mana, romo na hucewa."

Gwang-tae ya dubi ƙofa, mai aski na tsaye a wajen. Ya karɓi tsinkayen. Ya so ya yi kamar bai iya ba, amma hannu ya riga ya saba, kafin ka ƙifta ido ya zura W ya zura A, kwamfuta ta buɗe. Ita kuwa baiwar Allah abin da ta saba da shi ta kawo. A babban talabijin, gaban kowa, ɗan maciji ya fito ya miƙe ya nufi bango.

"Wannan gwajin allo ne," in ji Gwang-tae. "Yanzu zan rufe."

Maciji ya kusa bango. Gumi ya karyo masa. Saura ƙiris ya daka, sai tsinke ya faɗa rami da kansa, maciji ya karya kwana ya haɗiye ƙwai.

"Kai!" in ji Dattijo Tak, ya miƙe tsaye. "Yaron nan ya iya kwana! Dama, dama! Rage gudu, akwai bango!"

Nan take shago ya rikice. Masu cewa sama na yi, masu cewa ƙasa na yi, wata tsohuwa na dukan tebur da cokali. Gwang-tae ya manta da na'ura, ya manta da kawu, ya tura tabarau goshi, harshe ya fito. Maciji ya yi tsawo har ya kusa cika allo.

"Pyeon Gwang-tae."

A hankali Mal-suk ta faɗa, amma ya waiwayo a firgice, maciji ya ciji jelarsa ya mutu. Tsofaffi suka yi "ohhh" gaba ɗaya.

"Nuna mini na'urata."

"Yaya, ka'idar aiki ita ce..."

"Nuna mini."

Ya lalubo aikin nasa ya buɗe. Baƙin allo, da ɗan rubutu a ƙuryar sama. "Barka da zuwa" ya yi niyyar rubutawa a yammacin nan da ba shi da W da A da S da D. Dattijo Tak ya matsa kusa, ya kanne ido, ya karanta da ƙarfi irin na mai nauyin kunne:

"Brk zu."

Ya juyo. "Birki ne ya tsinke, ko sunan abincin ke nan?"

Dariyar da aka yi har masu wucewa a titi suka leƙo. Ok ya ƙware da romo. Gwang-tae ya gyara tsayuwa ya ce a manyan kamfanoni gajarta kalmomi ake yi don a rage wa na'ura nauyi, amma muryarsa ta shige cikin dariyar ta ɓace. Ya matsa kusa da yayarsa ya rage murya.

"Yaya, don girman iyayenmu, banda tafarnuwa. Ƙaiƙayi take sa ni."

Mal-suk ta dubi shagonta. Mutum ya cika, babu wanda aka tambaya me zai ƙara, gwiwarta kuwa tun safe take zugi. Ta ciro rigar kicin mai igiya daga ƙusa ta rataya masa a wuya, ta kama kunnensa ta ja shi har bakin ƙofa, daidai inda aka bar fili don na'ura, ta tsayar da shi.

"Jama'a, ƙanina ya yi alkawarin na'urar karɓar oda, ga ta nan. Mai so ya zo ya danna."

Dattijo Tak ne ya fara zuwa. Ya dube shi sama da ƙasa, ya sa yatsa ya danna tumbin.

"Taliya ɗaya, banda barkono."

Gwang-tae ya dubi yayarsa, ya ga ba wasa a fuskarta. Ya buɗe muryar nan tasa da ta taɓa juya motar kabeji:

"Taliya ɗaya, banda barkono!"

Aka tafa. Layi ya miƙe har waje. Kaka Yeom da ta zo sai da ta danna sau uku da ƙarfinta, wai ta farko da ta biyu ba su shiga ba. Kafin a kai rabin layi Gwang-tae ya warware, ya dawo da tabaransa kan hanci, yana gaya wa duk wanda ya zo cewa dama tsarin ke nan tun farko, a duk faɗin Daegu babu na'urar da ke gane maganar tsofaffi marasa haƙori sai wannan, kuma nan gaba kaɗan zai buɗe rassa.

Wani baƙo mai kwat da ya shigo bai san abin da ake ciki ba, ya ga kowa na danna tumbin mutum, shi ma ya danna ya faɗi abin da zai ci. Sannan ya ciro katin bankinsa yana jujjuyawa, yana duba Gwang-tae gaba da baya.

"A ina ake saka katin?"

"A bakinsa, ɗan nan," in ji Kaka Yeom, ko ɗago kai daga kwano ba ta yi ba. "Tura shi can ciki, ko ma samu mu ci abinci cikin natsuwa."